Na sayi na uku, na kwaso gawar Caina zuwa falona

Biyar a ɗaya aka rubuta a jikin kwalin faifan fim ɗin, ga hoton mutumin nan ɗan siriri yana murmushi riƙe da kwalba, an jera lambobi daga 1 zuwa 5 a ƙarƙashinsa. Ni dai guda biyu na sani tun ina yaro. Na tambayi mai teburin, ya ce wallahi Alhaji biyar ne cif, na ukun ma ya fi sauran ban dariya, har dawowa ake yi nemansa. Kun san irin teburan nan na bakin kasuwa da suka rage, waɗanda masu tura fim a waya ba su gama kashe wa kasuwa ba, kun kuma san abin da ake sayar da faifai yanzu, bai kai a tsaya ciniki ba. Na biya na cusa a aljihu. Ban ce ya gwada min ba. Wannan kam laifina ne, na ɗauka.

Don yara na saya. Hutu aka yi, sun ishe mu da rigimar waya, ni kuma na daɗe ina son su ga abin da ya sa mu birgima a ƙasa a zamanin kaset. The Gods Must Be Crazy ake ce masa, amma a gidanmu ba a taɓa yarda mun kama wannan sunan ba, sai dai mu ce Mai Kwalba. Fim ne na 1980 da wani Bature ɗan Afirka ta Kudu, Jamie Uys, ya shirya. Matuƙin jirgi ya sha lemo ya wurgo kwalbar Coca-Cola cikin hamadar Kalahari, kwalba ta hana 'yan uwa zaman lafiya, sai mutum guda ya ɗauke ta ya nufi ƙarshen duniya don ya mayar wa masu ita. Daren farko muka kalli wannan, har da Landirobar nan marar birki da ta rataye kanta a bishiya. Dare na biyu muka kalli na 1989, inda yara biyu suka maƙale a motar masu farautar hauren giwa, ƙaramin yana ɗora itace a ka don kura ta ɗauka ya fi ta tsawo. Waɗannan biyun ba ni da abin cewa. Hoto garau, yara sun yi dariya har da hawaye, ni kuma na ji kamar na koma gidan maƙwabcinmu mai bidiyo, mu ashirin a kan tabarma guda.

Dare na uku na danna lamba 3.

Ba hamada, ba kwalba. Wani ɗakin gwanjo ne a Ingila, Turawa sun sha kwat suna ɗaga hannu, abin da ake yi wa gwanjon kuwa gawa ce, tsohuwar gawar wani mutumin Sin cikin doguwar riga da hula. Na ɗauka mai faifan ya yi kuskuren haɗi, na koma baya na sake dannawa. Shi ne dai. Sai ga muryoyin maza biyu suna ta zuba surutu da Sinanci a kan hoton suna ƙyalƙyala dariya su kaɗai. Uwargida ta dube ni, na dubi rimot.

Daga baya na gane abin da na saya. Sunan fim ɗin Crazy Safari, a Hong Kong aka shirya shi a 1991, Billy Chan ne ya ba da umarni, ba Jamie Uys ba. Abin da ya haɗa shi da na baya kawai shi ne sun ɗauko mutumin, N!xau, sun sa shi a ciki. (Alamar motsin ran nan da ke tsakiyar sunan ba kuskuren bugu ba ne, ƙarar harshe ce irin ta yarensu, wadda mu ba mu da harafinta.) Na 4 da na 5 ma haka suke, 'yan Hong Kong ne suka yi su a 1993 da 1994. Masu buga faifai ne suka ga fuska ɗaya suka jera musu lamba, mu kuma muna saye. Wato dai an ɗauki hular wani an kifa wa wani, aka ce mana ɗan gidan ne.

Labarin kuwa shi ne, wani saurayi ne ya sayi gawar saboda ta kakan kakanninsa ce, yana so ya kai ta gida a binne. Ya ɗauko wani boka na addininsu don ya riƙa lura da ita a hanya, domin a tatsuniyar mutanen Sin irin wannan gawa tashi take yi. Ba tafiya take ba, tsalle take yi da ƙafafu a haɗe, hannaye biyu a miƙe gaba kamar mai lalube a duhu. Idan aka manna mata takarda ruwan ɗorawa mai jan rubutu a goshi sai ta sandare, idan aka kaɗa ƙararrawa sai ta bi mai kaɗawar. Jirginsu ya samu matsala, suka diro da laima, gawa ta faɗa ƙauyen su N!xau, boka da saurayi suka faɗa can wani jeji. Mutanen ƙauye suka samu ƙararrawa, suka gane yadda ake sarrafa baƙon, har suna sa shi yana kaɗo musu 'ya'yan itace.

“Baban Abba, gawa fa ce,” in ji uwargida. “Gawa ake wa wannan wasan a gaban yara?”

Na ce ai wasan kwaikwayo ne, mutum ne mai rai aka shafa wa hoda. Ba mu gama wannan muhawarar ba aka ɗauke wuta. Ban tayar da inji ba, don ba zan ƙona mai a kan gawa mai tsalle ba. To a nan aka samu matsala, domin yara sun kwana da rabin fim a ka, kuma rabin da ya fi haɗari: takarda, ƙararrawa, tsalle. Washegari tun kafin a karya, su ukun sun jeru a tsakar gida, hannaye a miƙe, babbar tana buga cokali a murfin tukunya, ƙananan suna bin ta tsalle-tsalle har bakin rijiya. Aka aiki Abba sayen sikari, da tsalle ya je da tsalle ya dawo, rabin sikarin a hanya. Muka yi faɗa, muka gaji, muka ƙyale.

Ana cikin haka surukina ya iso daga gida. Ganin likitan ido ya kawo shi, kwana uku zai yi. Duk wanda ya san surukuta ya san yadda gida ke komawa in irin wannan baƙo ya sauka: ni da nake yawo da singileti na koma jallabiya, magana a hankali, gaisuwa a durƙushe, ko tari sai na fita waje. Dattijo ne mai cika ido, ya haura saba'in, almajirai har yanzu suna ɗaukar karatu a zaurensa. Abba sunansa ya ci, shi ya sa muke sakaya shi.

Rana ta biyu bayan azahar Baba ya ci abinci ya miƙe a kan darduma a falo, rigingine, ya ɗora hannaye a ƙirji, barci ya kwashe shi. Ni ina waje ina wanke mashin. Abba, ɗan shekara shida, ya leƙo ya ga mutum a miƙe ba motsi. Ya shiga neman takarda ruwan ɗorawa. Duk gidan nan, takarda ruwan ɗorawa guda ɗaya ce tak, katin asibitin Baba, wanda aka rubuta lambar fayil ɗinsa da ranar komawa, yana ajiye a ƙarƙashin hularsa. Yaron nan ya zare shi, ya sa almakashin uwarsa ya yanke shi dogo siriri yadda ya gani a fim, ya ɗauko jan biron da nake duba jarrabawa da shi ya cika shi da zane ciki da waje, ya lakato ragowar tuwon rana ya shafa, ya je ya liƙa wa kakansa a tsakiyar goshi. Sannan ya koma gefe da murfin tukunya da cokali.

Salati na fara ji. Na yar da soso na shigo da gudu, kumfa har gwiwar hannu. Na tarar da Baba a zaune, takarda na reto daga goshinsa zuwa kan hanci, ya ciro ta yana juyawa, da ma ga ido ba lafiya, abin da yake gani kawai jan rubutu ne wanda ba Larabci ba ba boko ba. Bakinsa na motsi, na san Falaƙi da Nasi yake. Uwargida ta fito daga madafa ta dafe ƙirji. Ni kuwa da ƙasa za ta tsage a lokacin da na shige na ja ta na rufe. Surukinka ya zo gidanka jinya, ya farka ya ga an liƙa masa hatimi da jan tawada a goshi. Me za ka ce masa? Ta ina za ka fara?

Sai muka ji ƙwal, ƙwal, ƙwal daga bayan kujera.

“Kaka, ba a cirewa! Ka miƙe hannu ka yi tsalle!”

Shiru ya ɗan ratsa. Baba ya dubi yaron, ya dubi takardar, ya sa yatsa ya shafo tuwon da ke goshinsa ya sansana.

“Takwara, zo nan. Mene ne wannan?”

“Na gawa ne. In aka sa mata ba ta cizo.”

“Au, ni ne gawar? Ja'iri! Wato ka ƙosa in mutu ka gaje tsohuwar ko? To ba yanzu ba, ko sadakinta ba ka tara ba.”

Ya fashe da dariya har yana tari. Ni ban yi dariya ba, ina durƙushe ina ta Baba a yi haƙuri, wani fim ne na yi kuskuren sayowa. Ya ce wane irin fim ne ake sa wa gawa laya? Na fara kame-kame. Ya ce a'a Malam, ba bayani na tambaya ba, a kunna in gani da idona, ko da guda ɗayan mai aiki.

Shekara goma sha ɗaya da aurena ban taɓa zama kallon ko labarai da surukina ba. Ranar na tayar da inji, na zauna a ƙasa can bakin ƙofa, shi yana kan kujera da takwaransa a cinya, muka faro daga gwanjo. A nan ne ra'ayina ya fara canzawa, ba don fim ɗin ya gyaru ba, sai don wanda nake kallo da shi. Da aka nuna ana tayin gawa ya girgiza kai ya ce, “Wannan bawan Allah ba a bar shi ya huta ba.” Da ya gane saurayin gida yake son kai kakansa, sai ya koma bayansa gaba ɗaya, ya ce yaron ɗan halak ne, ko a cikin waɗanda ba su da alƙibla akwai masu zumunci. Daga nan fim ɗin ya tashi daga shirme ya koma masa labarin mutum da ke neman kabari, duk abin da ya tare hanya, dabba ko ɗan Adam, Baba tsaki yake masa.

Kuma ashe bai yi nisa da gaskiya ba. Tsallen nan yana da asali. A yammacin lardin Hunan na ƙasar Sin, a da can, idan mutum ya mutu a nesa da garinsu akan yi hayar masu kai gawa gida, da dare suke tafiya suna kaɗa ƙararrawa don mutane su kauce. Bayanin da aka fi bayarwa shi ne, gawarwakin akan jera su a tsaye a ɗaure hannayensu a jikin dogayen gora biyu, mutum ɗaya ya saɓa a gaba ɗaya a baya, goran na lanƙwasa yana miƙewa, wanda ya hango daga nesa sai ya ga kamar matattu ne ke tsalle da hannu a miƙe. Da na gaya wa Baba haka washegari, cewa ya yi to ka gani, kowa da irin ɗawainiyar da yake wa mamacinsa, mu Allah Ya hutar da mu, inda ka faɗi nan ne ƙasarka.

Bokan nan shi ne ya riƙe fim ɗin, ban da shi da tuni na kashe inji. Lam Ching-ying sunansa, ya yi suna da irin wannan rawar tun wani fim ɗin gawa mai tsalle na 1985, ya rasu a 1997. Abin da ya sa yake ba da dariya shi ne shi ba ya dariya. Fuska a murtuke, gira a haɗe, yana yin shirme da cikakkiyar natsuwa kamar mai jan tasbihi. Akwai inda ya hau jimina ta kwashe shi da gudu cikin jeji, riga na kaɗawa, shi kuma yana ƙoƙarin riƙe mutuncinsa a bayan tsuntsuwa. A nan Baba ya yi dariyar da uwargida ta ce rabon da ta ji irinta tun tana budurwa. Ni ma na saki jiki na yi, na manta a gaban wa nake. Idan don wannan wurin ne kaɗai, kuɗina ya fita.

To amma ga inda raina ya sake ɓaci. Ana dab da ƙarewa, miyagun da ke neman lu'ulu'u sun afka wa ƙauye, boka ya yi surkullensa ya kira ruhin Bruce Lee ya shiga jikin N!xau. Ku tsaya ku hango abin: mutumin Kalahari ɗan siriri, da ɗan bantensa, yana shafar hanci da babban yatsa yana kukan nan na Bruce Lee. Har akwai wani ɗan daɗi a ciki ga wanda ya sani, domin shi Lam ɗin ya yi aiki da Bruce Lee na gaske tun yana saurayi, kafin rasuwarsa a 1973. Yara sun miƙe tsaye, Baba ya matso bakin kujera. N!xau ya ɗaga ƙafa zai kai duka, sai hoto ya tsaya cak, ya farfashe ya koma 'yan murabba'ai kore da shuɗi. Na cire faifai na hura masa iska na goge da jallabiya. Ya dawo wurin ya cije. Na wanke da ruwa. Na shafa makilin na goge da auduga yadda muke yi a da. Na gwada tsallake wurin, ya mayar da ni gwanjon Ingila. Sau huɗu muna ganin ƙafar nan a sama, ba ta sauko ba har yau. Inji na ta shan mai.

“To ya kai kakan nasa gida kuwa?” in ji Baba.

Na ce in sha Allahu ya kai.

Sannan ga katin asibiti. Da safe muka je da guntayensa a leda, lambar fayil ta tafi da almakashi, abin da ya rage jan biro ya cinye. Ban ga laifin ma'aikatan ba, ni ma da aka miƙo min irin wannan da sai na tambayi ba'asi. Sai da na yanki sabon kati, aka shiga neman fayil da suna, layin da muka kamo tun asuba ya wuce mu, ba mu ga likita ba sai bayan azahar. Baba kuwa duk wanda ya zauna kusa da shi a benci sai ya ba shi labarin yadda jikansa ya yi masa laya da tuwo, yana nuno ni yana cewa ga uban bokan nan. Idan na haɗa kuɗin kati da man inji da makilin, faifan nan ya ci ninkin kuɗinsa ba adadi.

Da na zauna na kalli farkon ni kaɗai, ba Baba ba yara, sai aibin ya fito fili. Rubutun fassarar da ke ƙasa fari ne a kan farin yashi, rabi ba ya karantuwa, wanda ya karantu kuma Turancinsa sai ka yi da gaske. Mutanen nan biyu masu surutu a sama, ashe Stephen Chow ne, wanda kuka sani da fim ɗin 'yan Shawolin masu buga ƙwallo, da abokin wasansa Ng Man-tat. Ga ɗan Hong Kong wataƙila su ne gishirin miyar. Gare mu hayaniya ce kawai, kamar ka zauna kusa da mutum biyu a mota suna dariya da yaren da ba ka ji. Ƙara wa hoto gudu kuma, wanda a na farko ake sa shi inda ya dace, a nan an mayar da shi magani a gonar yaro, duk inda dariya ta ƙi zuwa sai a sa mutane su yi ta gudu kamar kiyashi.

Abin da ya fi ci min rai shi ne N!xau kansa. A na farko da idonsa muke kallon duniya. Shi ne mai hankali, mu masu mota da agogo da bindiga mu ne mahaukatan, kuma bai taɓa ɗaga murya ba. A nan an mayar da shi baƙo a gidansa. Yana tsaye a gefe yana murmushi, ana jira a gama da boka da jimina a zo a ba shi ƙararrawa ya kaɗa, a ƙarshe ma sai da aka cire shi daga jikinsa aka zuba wani kafin a yarda ya yi abin kirki. Mutumin nan ɗan Namibiya ne, an ruwaito dala 300 kacal aka ba shi a fim ɗin farko da ya tara miliyoyi a duniya. A na biyu ne ya buɗe ido ya karɓi abin da ya gina gidan bulo da shi. Ya koma noma da kiwo a yankin Tsumkwe, ya rasu a watan Yulin 2003 bayan fama da tarin fuka. Ban ga laifinsa ba da ya karɓi na Hong Kong, mai iyali ba ya raina sana'a. Amma ni da na sayi faifai don fuskarsa, kaɗan na samu daga gare shi.

Na koma wurin mai tebur da faifan. Ya juya shi a rana, ya ce Alhaji ai makilin aka sa masa, shi ba ya karɓar kayan da aka yi wa aiki. Na ce kafin makilin ya cije. Ya ce to duk na wannan bugun haka suke, a daidai wurin suke tsayawa, kamfani ne. Na ce ka san da haka ka ce min har dawowa ake yi nemansa? Ya ce to ai ga shi kai ma ka dawo. Ya miƙo min wani fim ɗin Indiya mai fassara wai in riƙe a madadin, na bar masa abinsa na taho da nawa, don na ɗaya da na biyu suna yi.

Na 4 da na 5 ban buɗe su ba, faifan yana saman kwaba inda hannun Abba ba ya kaiwa, tare da almakashi da jan biro. Baba ya koma gida sati uku ke nan, ido ya yi sauƙi. Duk ranar da ya kira 'yarsa, bayan an gama gaisuwa da tambayar yara, sai ya ce a tambayar masa Malam, mutumin nan dai an binne shi ko har yanzu yana tsalle.